Jan Biro a Wuyan Likita

Ina firamare, lokacin da kuɗin mai ke ta tayar da benaye a Riyad, akwai hoton wani Ba'amurke mai gemu a falonmu na unguwar Nasiriya. Likita ne na ƙarni na sha tara, wanda ya duba marasa lafiya ya kuma zauna a majalisar ƙasarsu. Babana ma likita ne, kuma burinsa ke nan, shi ma ya shiga majalisa in mun koma gida.

Wata Juma'a Kawu, yayan mahaifiyata da ke karatun addini a garin, ya zo cin kabsa, dafa-dukan shinkafar Larabawa. Da ya gama ci, ko hannu bai wanke ba ya sauke hoton, ya zare shi daga gilashi, ya ja jan biro a wuyan mutumin.

"Haram ne, Likita. Yanzu na raba kan da jiki. Siyasa kuma ba ta mutumin kirki ba ce."

Baba ya dubi maiƙon shinkafa a gemun mutumin hoton, ya ce, "To, Yaya." Bai sake zancen majalisa ba har ya rasu.

Yau ga Kawu da furfurarsa ya fito takara a Kano, fuskarsa a kowane bango. Jan biro ba ya barin jakata, kuma ban taɓa wuce fastarsa ban tsaya ba.