Furar Baƙi

Gonar wata tsohuwa kaɗai ce ba a shuka ba a Gangara bana.

Kwana goma sha ɗaya kafin ruwan farko, a shekara ta biyu ta fari, wani jagoran yawon buɗe ido ya kawo baƙi shida daga Japan su ga zaman ƙauye. Sun kalli masaƙi, sun kalli maƙeri. Da azahar suka shiga gidan tsohuwar, wadda ta yi suna a fura. Rumbunta babu komai.

Jagoran ya hango ɗan damin gero rataye a rufin ɗaki.

"Inna, sauko da shi ki dama musu."

"Wanga iri na, ɗana. Shi za ni shukawa."

"Gobe za ni kawo miki buhu."

Ta sussuke, ta surfa, ta daka, baƙi na ɗaukar hoto. Wani dattijo cikinsu, manomi a ƙasarsu, ya tambaya ko tana da saura. Jagoran ya amsa da Turanci cewa rumbuna cike suke. Dattijon ya sha ludayi uku, ya rusuna mata.

Jiya aka kawo mata ambulan daga gidan wayar Sabon Birni. Hoton damin ne a ciki. Buhun bai iso ba.