Ranar da Baba Ya Share Fage

Babana manomi ne, amma yana taɓa kukuma. Wata la'asar aka sa shi share fage a Ƙaura Namoda, kafin babban mawaƙi ya iso daga Shinkafi. Ƙa'ida ce: mai share fage ba ya taɓa waƙar babba, kuma da ya ji kiɗansa sai ya yi shiru.

Motar mawaƙin ta makara. Baba ya ƙare 'yan waƙoƙinsa, ya maimaita. Ina tsugune a gaba. Wani direba ya jefo ɓawon rake. "Kai tsoho, ba kai munka zo gani ba! Yi muna waƙar mai gidan ko ka sauka!"

Na san in ya yi ta, ba a ƙara kiransa. In ya sauka, har Kasuwar Daji sai an yi masa dariya.

Baba ya goga ƙaro a tsirkiya, a hankali. Har yau in na ji ƙamshin ƙaro sai gabana ya faɗi. Sai ya ɗauko waƙar da ake yi wajen gayyar noman gero. Can baya wani ya amsa, fili duka ya ɗauka, har direban.

Ana cikin haka aka jiyo kalangu daga bakin hanya. Baba ya tsaya a tsakiyar baiti. Jama'a na ihun "Ƙarasa!" amma ya rataya kukumarsa, ya kama hannuna.

"Taho mu tai," ya ce. "Mai fili ya iso."