Manhajar da Maigidana Ya Zaɓa

"Maman yara, zo ki gani! Kafin in ƙifta ido ta buɗe!"

Maigidana ne ke ihu a falo, har da 'yar rawarsa. Kwana da kwanaki yana gwada manhajojin kariya daga bairos, duk wadda ya saka sai kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya. Ga shi yau zai yi intabiyun aiki ta bidiyo.

"Jiya na saka wata sabuwa. Ga tsaro, ga gudu! Ai zaɓe sai mu!"

Ya kira yayansa, ya kira abokansa, kowa ya sha labari. Aka yi intabiyu lafiya lau, hoton ko gezau bai yi ba.

"Daga yau Injiniya za ki riƙa kirana!"

Dariya ta ci ƙarfina. Na ce, "Injiniya, wannan fa sabuwa ce, irin taka sak. Kana wurin aski mai gyara ya kawo, ya juye kayanka a ciki. Taka mai manhajar tana ɗaki. Tun safe na kunna ta, har yanzu tana ƙoƙarin buɗewa."