Tsibin Takalma a Bakin Ƙofa

Tunda an damƙa maka kula da benen nan, ɗana, zauna in ba ka wani misali. A saman wani bene akwai ɗakin da mata ke koyon ɗinki. Ƙofarsa ɗaya ce, matakalar sauka ma ɗaya, siririya. Bisa ladabin da muka tashi da shi, duk wadda ta zo sai ta tuɓe takalminta a bakin ƙofa, har su yi tsibi. Wata rana aka ɗauke wuta, wata ta manta dutsen guga a jone cikin ɗakin ajiyar yadi da ke can ƙurya. Da azahar aka dawo da wuta, kafin a ankara yadi ya kama, hayaƙi ya turnuƙe. Mata arba'in suka yo ƙofa da salati. To ka ji abin takaici: ta farko tana isa bakin ƙofa sai ta duƙa neman takalminta. Ta biyu ma ta duƙa. Wannan ta samu ƙafa ɗaya tana laluben ɗayar, waccan ta zura na wata tana ƙoƙarin cirewa. Ba mugunta ba ce, sabo ne, don mai mutunci ba ta taɓa taka titi ba takalmi ba. Ƙofa ta toshe, na baya suna turi, wuta tana cin labule.

A baranda kuwa akwai wata tsohuwa mai shara, 'yarta mai cikin wata takwas tana can baya, kusa da wutar. Tsohuwa tana jiyo tarinta, can sai ta daina jiyowa. Hankalinta ya tashi. Ta roƙi matan don Allah, ta zage su, ba wadda ta ɗago kai. Sai ta yar da tsintsiya, ta sa hannu biyu tana kwasar takalma tana watsawa ƙasa ta saman baranda, har da waɗanda ta fizge daga hannun masu su. Ta ce, "Mai son nata ta sauka ta ɗauka!" Nan take ƙofa ta buɗe, suka gangara matakala ƙafa ba takalmi. Daga ƙarshe mata biyu suka janyo 'yar, fuska duk baƙin hayaƙi, aka kwantar da ita a fili ana yayyafa mata ruwa har ta ja numfashi.

Wallahi ko a lokacin sai da wata ta zo da takalmi ƙafa ɗaya a hannu tana yi wa tsohuwa masifa, wai sabo ne, jiya ta saya. Ba ta rufe baki ba rufin ɗakin ya rufta, tartsatsi ya tashi daidai inda ta duƙa ɗazu. Ta saki takalmin, ta zauna daɓas a ƙasa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, ana ta kai, wa yake ta kaya?