Ƙudan Bayan Gizo-gizo

Dattijo Don Abundio ya jera kwano biyu a teburin baranda, ya leƙa hanya, ya ja tsaki, ya koma kicin ya ɗauko na uku. Ya san da zarar ƙamshin sancocho, farfesun kaza da rogo, ya tsallake shingen gonar kofinsa, Nemesio zai ɓullo.

Kazar nan saboda Doña Eduviges ake yanka ta duk Lahadi, bazawarar da ta sauka garin bara ta buɗe shagon ɗinki. Tun rasuwar matarsa kaɗaici ke cin Abundio, ya kuma ƙudurta ba zai ƙara wani girbin shi kaɗai ba. Amma da ya gyara murya zai faɗi abin da ke ransa, sai Nemesio ya miƙo kwano. Shi ma bara ya faɗo garin, ba sana'a, ba kunya, sai wushirya da faɗin ciki.

A kusurwar barandar akwai wani ƙaton gizo-gizo da Abundio ya hana a share. Ran nan ƙudan zuma ya faɗa saƙarsa, gogan ya naɗe shi ya fara tsotsa. Nan da nan wasu mitsi-mitsin ƙudaje suka yanyame gawar, suna lasa a bakin mai farauta, ko gezau.

"Compadre, abokina, zo ka ga danginka," in ji Abundio. "Ba su saƙa ba, ba su kama ba, amma su ne a gaban kwano."

Nemesio ya leƙa da ƙashin kaza a baki. "Allah sarki, 'yan'uwa! Amma duba da kyau, compadre. Ba daga nesa suke zuwa ba. A bayan gizo-gizon suke zaune, inda ya sa ƙafa nan suke."

"To ni bayana ya gaji."

Eduviges ta tuntsire da dariya har wushiryarta ta bayyana. Ta zuba wa Nemesio ƙari, tana tsame masa albasa ba tare da ya roƙa ba. "Ci ka tashi, marar zuciya," ta ce. Wannan zagi ya yi wa Abundio daɗi ƙwarai.

Da Nemesio ya zaga bayan gida, Abundio ya ga dama ta samu. Ya faɗa wa Eduviges maganar aure a gurguje, gumi na tsatsafo masa, ya ƙara da sharaɗi guda: kada a ƙara ganin wani baƙo a teburin nan.

"Don Abundio," ta ce, ta sunkuyar da kai, "ran da na shigo gidan nan, in baƙo ya ɗanɗana ko rogo ɗaya, ka kore ni. Gidana na iyali ne kawai."

Aka ɗaura aure a coci bayan girbi. Abundio ya yanka ɗan maraƙi, ya bar Nemesio ya ci har ya kwance bel, tunda dai cin bankwana ne. Shi kuwa ango sai taƙama yake a ransa, ya saƙa, ya jira, ya kama.

Washegari da hantsi ya jera kwano biyu, yana fito. Sai ga alfadari ya tsaya a bakin shinge, ɗauke da akwati da ragar kwanciya. Nemesio ya sauko, ya wuce baranda, ya fara auna ginshiƙan da zai ɗaura ragar.

"Eduviges!" Abundio ya daka tsawa. "Ina alkawarinmu?"

Ta fito daga kicin riƙe da kwano na uku, ta ajiye shi a natse.

"Yana nan daram, maigida. Ai Nemesio ba baƙo ba ne, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mazajena biyu da suka rasu ma, a haka suka saba da shi."