Ram Ɗin Baba

Tsohuwar kwamfutar Baba ta sake kukan nan nata, allo baƙi ƙirin. Tun da na ƙara mata ram, ɗan katin da ake maƙalawa a cikinta don ta yi sauri, ban huta ba. Duk Asabar ina durƙushe a ƙarƙashin teburinsa, ina gogewa ina dannawa. Ta tashi, in tafi, ya kira: "Ta mutu kuma."

Yau bayan na gyara ta na tafi, sai na ga na manta makullina, na dawo. Na tarar ya buɗe murfin, yana ɓalle maƙalin ram ɗin ta gefe ɗaya.

"Baba, me kake yi?"

Bai ɗago ba. "Kafin ta lalace, a waya kawai nake jin muryarka."

Na jawo kujera. "Ɓalle ɗaya gefen ma."