Robar Tulun Hayaƙi

Tun da aka hana sakin hayaƙi sama, kowane ɗakin girki yana da tulun ƙarfe mai haɗiye shi. Ran Alhamis Malam Barau ya kai nasu aka juye, ya dawo da robar bakin tulun a kumbure. Sai ta saɓe take komawa mazauninta, kuma kafin nan ba a hura wuta.

Matarsa Tasalla ta zura ta a hannu kamar warwaro. Haka ta saba, da robar ta kama tsintsiyar hannunta, ta san ta koma daidai.

Har la'asar ta wuce robar tana yawo a hannunta.

"Malam, yau ta ƙi saɓewa," ta ce, tana tari. "Ga ka da yunwa."

Barau ya zare ta, ya juya baya, ya gwada a bakin tulun. Ta zauna daram. Ya dubi hannun da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa masa tuwo, ya ga yadda ya rame.

"Robar ce ta tsufa, amma za ta yi," ya ce. "Zauna, yau ni zan hura. Gobe ki raka ni asibiti, bayana ke ciwo."